Yadda Ake Aika Katin Sanarwa Idan Yaro Ya Kammala Sakandare a Gida

Duk wanda ya zauna a Amurka ya san yadda akwatin wasiƙa yake cika a watan Mayu da Yuni. Katuna ne ke shigowa ɗaya bayan ɗaya, kowanne da hoton saurayi ko budurwa cikin doguwar riga da hula mai tuntu, an rubuta suna da shekara da makarantar da aka gama. Maƙwabta sukan manna su a jikin firij, su yi watanni a wurin. Mu da muke koyar da 'ya'yanmu a gida, idan namu ya kai ƙarshen aji 12, wato ajin ƙarshe na sakandare, sai mu tsaya muna waswasi. Mu ma mu aika? Ba za a ce mun yi shisshigi ba?

Amsata ita ce ku aika. Na faɗi haka ne bayan na yi a 2025, lokacin da 'yata ta fari ta gama a nan Texas, kuma bayan mun sha muhawara da Abban yara. Shi cewa ya yi, "Anya kuwa? Kada a ɗauka roƙo muke. Kuma sunan wace makaranta za mu rubuta?" Tambayoyinsa biyu duk suna kan hanya, zan zo kansu. Abin da ya yanke mini shawara kuwa wata ranar Alhamis ce. Yarinyar ta gama babi na ƙarshe a littafin lissafi, ta rufe shi, ta ɗora a kan kanta inda sauran suke, ta juyo ta ce, "Umma, shi ke nan?" Shekara goma sha biyu ta yi a kan teburin nan. Babu shugaban makaranta da zai kira sunanta a lasifika, babu ɗaruruwan mutane da za su tafa. Washegari gidan zai wayi gari kamar kullum. A gida Najeriya yaro ba ya sauke Alƙur'ani a ɓoye. Ana yi wa allonsa zayyana, a tara mutane ya karanta a gabansu, a zagaya da shi wurin dangi su sa albarka. Wahala tana son shaida, kuma yaron da ya yi karatu a gida ya fi kowa buƙatar a nemo masa shaidun.

Mataki na farko, tun kafin maganar kati, ku tabbatar an gama ɗin da gaske a idon dokar jiharku. Karatun gida halal ne a dukkan jihohi 50 tun 1993, sai dai kowace jiha da nata tsarin. A Texas, tun hukuncin Kotun Ƙolin jihar na 1994 ana ɗaukar makarantar gida a matsayin makaranta mai zaman kanta. Iyaye ne ke tsara abin da ya zama kammalawa, su ne ke sa hannu a difloma, wato takardar shaidar gama sakandare. New York ba haka take ba: ana miƙa tsarin karatu kowace shekara, da rahoto sau huɗu, da gwajin ƙarshen shekara, kuma iyali da yawa sukan nemi wasiƙa daga shugaban gundumar ilimi da ke tabbatar da cewa karatun yaron ya yi daidai da na sakandare. A Pennsylvania, tun dokar 2014 jiha tana amincewa da diflomar da iyaye suka bayar idan mai tantancewa na aji 12 ya sa hannu. Ku san inda kuka tsaya. Ku kammala takardar jerin darussa da maki na shekaru huɗun ƙarshe, ku sa mata rana, ku sa hannu. Ranar da kuka rubuta a kanta ita ce ranar kammalawa, ita za ta hau difloma, ita za ta hau kati. Wannan takardar ce jami'a za ta nema, kuma a fom ɗin tallafin karatu na FAFSA akwai gurbin wanda ya gama sakandare a gida. Idan kun yi wannan, duk wanda ya tambaya "an yarda da irin wannan karatun kuwa?" kuna da amsa a hannu, ba sai kun yi kame-kame ba.

Na biyu, ku tambayi mai abin. Wani yaron yana so a buga hotonsa a raba wa duniya, wani kuma ko sunansa ba ya so a gani a firij ɗin maƙwabci. Tawa ta yarda da kati amma ta ƙi babban taro. Ku saurara. Idan ya ƙi gaba ɗaya, ku roƙe shi ya yarda a aika wa kakanni da malamansa kawai.

Daga nan sai ku rarrabe abu biyu da mutane ke cakuɗawa, kuma a nan ne tsoron Abban yara yake warwarewa. Akwai katin gayyata, akwai katin sanarwa. Na gayyata yana ɗauke da rana da lokaci da wuri, yana cewa ku zo. Na sanarwa labari kawai yake kaiwa: Wance ta gama. A al'adar Amurkawa, wanda aka aika wa sanarwa ba dole ba ne ya ba da kyauta. Idan ya taya murna da baki ko da ɗan kati ya sauke nauyi. Wanda ya amsa gayyata ya zo walima shi ne aka saba ya riƙo wani abu. Mu Hausawa ma mun san wannan bambanci. Idan aka ce "albishirinka", ka ce "goro", ba wanda ya ce an zo maula. Labari mai daɗi haƙƙin ɗan'uwa ne a kai masa. Abin da ke mayar da sanarwa roƙo shi ne abin da kuka ƙara a kanta. Saboda haka kada ku sa lambar asusun banki, kada ku sa manhajar tura kuɗi irin Zelle ko Cash App, kada ku sa jerin kayan da yaro ke buƙata a jami'a. Na ga katunan da aka yi haka, kuma ko da niyyar mai katin mai kyau ce, ido a kan lambar yake fara sauka. Wanda ya yi niyyar bayarwa zai kira ya tambayi hanya. Mu layi ɗaya muka ƙara a ƙasa: "Addu'arku kawai muke nema." Wannan layin ya sauke wa mutane da yawa nauyi, musamman 'yan'uwa na gida da ke fama da tsadar rayuwa, waɗanda kati daga Amurka zai iya sa su jin kamar ana jiran wani abu daga gare su.

Idan za ku yi taro, ku yanke wannan da wuri, domin shi ne zai nuna ko kati iri ɗaya za ku buga ko iri biyu. Ƙungiyoyin masu karatun gida na jihohi suna shirya bikin yaye na haɗin gwiwa, irin HEAV a Richmond ta Virginia da FPEA a Orlando ta Florida, inda iyaye ke hawa dandamali su miƙa wa ɗansu difloma da hannunsu. Rajistarsu takan rufe watanni kafin ranar, kuma da yawa daga irin waɗannan tarukan suna da tsarin addinin Kirista, don haka ku karanta shirin ku ga ko ya dace da ku. Wasu iyalan sukan haɗa kai su uku ko huɗu su karɓi ɗakin taro na masallaci. Mu a falo muka yi, mutum goma sha biyar, aka ci tuwon shinkafa da miyar taushe, mahaifinta ya miƙa mata takardar.

Yanzu sai jerin sunaye, kuma a nan nake so ku ɓata lokaci. Ku zauna da yaron da takarda da biro, ku fara da tambaya ɗaya: wa ya sa hannu a karatun nan? Za ku yi mamakin tsawon jerin. Malamin da ya yi masa tilawa ta Zoom shekara shida. Maƙwabciyar da ta zauna da shi kan ilimin sinadarai lokacin da abin ya fi ƙarfinku. Ma'aikaciyar laburare da ke ajiye masa littattafai. Malamin kwalejin shekara biyu inda ya ɗauki darussa tun yana aji 11. Mai horar da shi ƙwallo. Iyayen da kuke karɓa-karɓar koyarwa da su ranar Talata. Waɗannan su ne ma'aikatan makarantarku, ko da ba a taɓa kiransu haka ba, kuma katinsu ya kamata ya tafi da layi biyu da yaron ya rubuta da hannunsa. Sai dangi na jini, na nan da na gida. Sai abokan arziki da ke sanin yaron da sunansa. Ma'aunin da na yi amfani da shi ga wannan rukuni na ƙarshe shi ne, idan mutum ya ga hoton zai gane ta ba tare da ya karanta sunan ba? Idan ba zai gane ba, na cire shi. Abokin aikin da bai taɓa ganin ɗanku ba, kati a wurinsa takardar neman kyauta ce, komai kuka rubuta a ƙasa.

Akwai kuma waɗanda suka soki karatun gida tun farko. Kusan kowane iyali yana da su: Kawun da ya ce za ku lalata wa yarinya rayuwa, ƙawar da ta ce yaron zai tashi bai iya shiga mutane ba. Ku aika musu, amma irin katin da kowa ya samu, ba ƙari, ba habaici. Yawancinsu tsoro ne ya sa suka yi magana, kuma tsoron daga ƙauna ya fito. Nawa Kawun shi ya fara kira, ya daɗe yana sa mata albarka har muryarsa ta canja.

Kafin kati ko ɗaya ya fita, ku kira manya. Wannan matakin na koye shi da ciwo. Da samfurin katin ya fito a kwamfuta, daɗi ya ɗebe ni na ɗora shi a WhatsApp da dare. Kafin gari ya waye a nan, Gwaggon maigidana a Zariya ta gani a wayar jikarta. Da na kira gaishe ta, ta amsa a taƙaice, sannan ta ce, "Ashe 'yar tawa ta gama. A waya na gani, kamar kowa." Na ba da haƙuri, ta haƙura, amma na san na ɓata mata, kuma gaskiyarta ce. Babba ba ya jin labarin gidansa a kasuwa. Saboda haka ku bi tsari: kakanni, sai baffanni da gwaggwanni da kawunnai da innoni, kowa a kira shi da murya, a ba yaron waya ya gaida shi da kansa ya faɗa da bakinsa. Bayan an gama wannan zagayen ne kati zai shiga gidan waya, sannan a ƙarshe hoto ya hau intanet idan kuna so.

A kiran nan ku shirya wa tambayoyi, don za su zo. "Ta rubuta WAEC?" "Wa ya ba ta sakamako?" Ku amsa da sauƙi: a nan ba a yin WAEC ko NECO, kowace makaranta ce ke ba da takardarta, doka kuma ta amince da karatun gida. Idan yaron ya rubuta SAT ko ACT, ku ce jarrabawa ce da jami'o'i ke dubawa wajen ɗaukar ɗalibai, kusan matsayin JAMB. Wannan ya ishi kowa.

Sai rubutun katin. Abu huɗu ne dole: cikakken sunan yaro, cewa ya kammala sakandare, shekara, da sunan masu sanarwa. Sauran duk zaɓi ne. Ga yadda namu ya kasance, na cire sunaye:

Iyalan Alhaji Wane da na marigayi Malam Wane
suna farin cikin sanar da ku cewa 'yarsu
Wance Wane
ta kammala karatun sakandare a makarantar gida, 2025.
Alhamdu lillahi. Addu'arku kawai muke nema.

Ku lura da layin farko. Ni 'yar fari ce ta gama mini, kuma duk shekarun da na yi a ƙasar nan, alkunya ba ta bar ni ba. Na kasa rubuta sunana a saman kati ina shelar 'yata ta fari. Sai muka yi yadda ake yi a katin ɗaurin aure, muka fitar da shi da sunan gidajen kakanninta biyu. Ni na samu sauƙi, kakanni suka ji an girmama su, kuma Amurkawan da suka karɓa ba su ga wani abin mamaki ba. Hausa muka sa a gaba, fassarar Turanci a baya, kati ɗaya ya yi wa kowa.

Tambayar Abban yara ta biyu, sunan makaranta. Wasu jihohi, irin North Carolina, suna sa iyaye su raɗa wa makarantar gidansu suna tun lokacin rajista. Idan kuna da irin wannan sunan kuma shi ne a kan difloma, ku sa shi. Idan babu, kada ku ƙirƙiro wani suna mai ƙyalli a daren buga kati don mutane su ɗauka wata babbar makarantar kuɗi ce. Yaro yana kallo. Idan ya ga kuna ɓoye inda ya yi karatu, zai ɗauka abin kunya ne. Ku rubuta makarantar gida, ɓaro-ɓaro.

Abin da yaro zai yi nan gaba, ku sa shi idan ya tabbata kuma yana so. Idan jami'a ba ta ba da amsa ba, ko zai koyi sana'a, ko zai tafi gida ya yi shekara yana hadda, ko bai yanke shawara ba tukuna, ku bar wurin. Katin na abin da aka gama ne. Maki da lambobin yabo kuma, a ganina, a bar su a takardarsu.

Maganar hoto tana buƙatar natsuwa. Wasu gidajen ba sa son hoton 'yarsu budurwa ya riƙa yawo, wasu suna tsoron kambun baka, kuma ban ga laifin ko ɗaya ba. Kati ba ya lalacewa don babu fuska. Ana iya ɗaukar hannu riƙe da difloma, ko hula a kan tarin littattafan da aka karanta, ko a bar shi rubutu zalla da ado a gefe. Mu iri biyu muka yi: na takarda mai hoto ga na kusa, na intanet ba hoto. Wanda zai hau intanet kada ya ɗauki adireshin gida ko ranar haihuwa. Riga da hula kuwa ba sai ta hannun makaranta ake samu ba, ana sayar da su a intanet, kuma ana iya aro a wurin wanda ɗansa ya gama bara.

Wurin bugawa ba shi da wuya. Shutterfly, Minted, Vistaprint, Walgreens da CVS duk suna yi, ko ku tsara da kanku a Canva ku kai a buga. Girman da aka fi amfani da shi inci 5 da 7 ne. Amma ga gargaɗin da ba za ku gani a shafukan Turawa ba: ku duba haruffanmu masu lanƙwasa. Yawancin salon rubutun ado ba su da ɗ da ƙ da ɓ. A samfurinmu na farko, duk inda ƙ take sai wani ɗan akwati ya fito a madadinta, kuma a allon waya ban lura ba sai da na buɗe shi a kwamfuta na ƙara girma. Idan sunan ɗanku yana da irin harafin nan, ku gwada salon rubutu har ku samu mai ɗauke da shi, sannan ku buga kwafi ɗaya tak ku riƙe a hannu kafin ku ba da odar sauran. Ku ba wani da bai ga rubutun ba ya karanta da ƙarfi. Ku ƙara goma a kan adadin jerinku, domin sai an gama rabawa ake tuno mutane. Mu 50 muka lissafa, muka buga 60, biyu suka rage.

Lokacin aikawa ya danganta da irin katin. Na gayyata ya isa hannu mako uku zuwa huɗu kafin taro, fiye da haka ga wanda zai hau jirgi. Na sanarwa kuwa ana iya aika shi dab da ranar ko cikin makonnin da suka biyo bayanta. Ni na fi son bayan, don kada wani ya ɗauka gayyata ce ya fara neman adireshi. Ku duba kalandar Musulunci ma. A 2025 Babbar Sallah ta faɗo ranar 6 ga Yuni, tsakiyar lokacin bukukuwan yaye, wasu dangin suna Saudiyya, wasu hankalinsu na kan rago. Sai muka jira mako guda bayan Sallah. Ba a fafe gora ranar tafiya, don haka ku fara tattara adireshi tun watan Maris, shi ne aikin da ya fi cin lokaci.

A gidan waya, kan sarki ɗaya na cikin gida yana ɗaukar wasiƙa har nauyin kusan giram 28. A lokacin da muka aika kuɗinsa senti 73 ne, na ƙasashen waje dala 1.65, kuma an ƙara a watan Yulin shekarar, don haka ku tambayi farashin yau. Ambulan mai kusurwa huɗu daidai wa daida ana cajinsa ƙari saboda inji ba ya iya tantance shi, haka ma kati mai kauri ko mai igiyar ado. Ku kai guda ɗaya a auna kafin ku manna wa sauran. Na Najeriya da Nijar kuwa, shawarata ku haɗa su a ƙunshi ɗaya ku ba amintaccen matafiyi, ya kai wa mutum ɗaya a gida ya raba hannu da hannu. Hajiyar maigidana ta sa ƙaninsa ya zagaya da su gida-gida, kowane ambulan da goro da alawa, kamar yadda ake rabon sanarwar suna. Nata katin yana jingine a cikin kabet ɗin kwanukanta, a bayan gilashi, ina ganinsa duk lokacin da muka yi kiran bidiyo.

Bayan katuna sun isa, kyaututtuka za su zo duk da kun ce ba sai an kawo ba. Ku buɗe littafi kamar yadda ake rubuta gudummawar biki: suna, abin da aka bayar, rana. Yaron ne zai yi godiya, ba ku ba. Ga Amurkawa, ɗan katin godiya da rubutun hannu, cikin mako biyu zuwa uku, a ambaci abin da aka bayar da abin da za a yi da shi. Ga manyan gida, kira da murya, a yi gaisuwa cikakkiya kafin a shiga godiya. Wanda addu'a kawai ya aiko a saƙon murya, shi ma a mayar masa da amsa. Mu biyar-biyar muka riƙa yi kullum bayan la'asar, ita tana rubutu ni ina manna kan sarki, cikin kwana takwas muka gama. Littafin nan ku adana shi, domin 'ya'yan waɗannan mutanen ma za su gama, kuma za ku so ku tuna.

Daga cikin katunan da suka rage, ku ɗauki ɗaya ku sa a fayil tare da difloma da takardar maki, ku ɗauki hoton duka ukun ku ajiye a wuri biyu daban. Ɗayan kuma ku ba yaron ya tafi da shi duk inda za shi.